Jinyar da Ɗantala Mai Faci Ya Yi da Lafiyarsa

Wanda duk ya bi ta tashar Gagarawa a shekarun nan ya san Ɗantala mai faci, ko da bai riƙe sunansa ba. A gindin darbejiya yake zama, da famfo, da gwangwanin sholisho, da kwanon ruwan da yake tsoma roba ya nemi huji. Gajere ne, ƙwaurinsa kamar sillen kara, ba shi da yawan magana. Keken farko da ya hau na wani farke ne, yana kai masa fatu kasuwar Maigatari ran Alhamis. A cikin rairayin hanyar nan ya koyi tuƙi, inda wasu suke sauka su tura.

A lokacin akwai tseren keke tsakanin garuruwa huɗu: Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa. Bayan an gama kai amfanin gona gida, idan tafki ya ƙafe, sai a share tsakiyarsa a zana da'ira da toka. A kwance wa keke birki da fitila da duk wani abu mai nauyi. Idan mahayi ya zo kwana, ƙafar hagu yake saukewa ya ja ta a ƙasa. Kowane gari mahaya uku, kowane gari kuma ana yi masa rana guda a filinsa, a yi tsere uku a ranar. Wanda ya zo na ɗaya a jefa wa garinsu tsakuwa uku a tulu, na biyu biyu, na uku ɗaya. Idan an zagaye garuruwan huɗu sai a juye tuluna. Garin da ya fi tsakuwa shi ke ɗaukar koriyar tuta, ya kafa ta a tasharsa shekara guda.

Shekara bakwai ana yi, tutar ba ta taɓa kwana a Gagarawa ba. Mu ne ƙaramin gari a cikinsu. Abin da ya hana a yi mana dariya sosai shi ne Ɗantala.

A 1976 kwamitin tseren ya sami sabon sakatare, wani matashi mai ilimin boko da ya ga yadda ake gasar ƙwallo a birni. Ya kawo dokoki biyu. Ta farko, bayan zagayen garuruwa huɗu, garuruwa biyun da suka fi tsakuwa za su haɗu a Gumel, a zubar da tsakuwar kowa, wanda ya ci ranar shi ke da tuta. Ta biyu, idan mahayin wani gari ya kwanta ciwo, garin yana iya aro wani daga ko'ina ya hau a madadinsa.

An fi wata guda ana wannan gardama a teburin Ɗantsoho mai shayi, kowace safiya.

Ubale mai awon hatsi ya ce, "Wato mutum ya yi noma damina guda, ya cika rumbu, sannan a ce ya zubar a sake awo? Wane irin lissafi ne wannan?"

Bilya direba ya ce, "Kai dai tsohon yayi ne, Ubale. Bara tun rana ta uku kowa ya san Gumel ta ɗauke. Wa ya je ta huɗu? Ni da mai gyaɗa da awaki biyu."

"Ka je mana, tunda kai ka ɗauki awakin."

"Ranar ƙarshe ita ce tsere! Ka ga mutum zuciyarsa tana dukan uku-uku."

Ɗantsoho ya juye shayi daga kofi zuwa kofi ya ce, "Ni ta biyun ce ta tsaya min. Na san aron tsani, na san aron jaki. Aron ƙafa ne ban taɓa ji ba. Idan baƙo ya ci, wa ya ci?"

Bilya ya ce, "Idan naku ya karye fa? Ku zauna ku yi tagumi?"

"Mu hau da biyu, mu sha kaye da namu."

Ɗantala yana jin su daga gindin darbejiya. Aka ce masa, "Kai da abin ya shafa, me ka gani?" Ya ce shi dai a nuna masa toka, ya san inda zai bi.

Shekarar ta zo mana da kyau. Ɗantala ya haura arba'in, amma a filin Gagarawa da na Gumel babu wanda ya ga gabansa. A Maigatari ma ya raba nasara da su. Sai a rana ta huɗu, a Sule Tankarkar, Isa na Maigatari ya wuce shi sau biyu a kwanar ƙarshe. Isa ya girme wa sauran mahayan garinsu, amma Ɗantala ya ba shi shekara goma, kuma sun daɗe suna gwabzawa. Duk da haka da aka juye tuluna, Gagarawa ce ta ɗaya, ta fi Maigatari mai bi mata da tsakuwa tara. Da tsohuwar doka ce, da ranar mun taho da tuta. Fiye da rabin tsakuwar nan ƙafar Ɗantala ce ta kawo su.

Saura kwana shida a haɗu a Gumel, Alhaji Rufa'i mai motoci, wanda yake shugabanmu a kwamiti, ya dawo daga Magarya ta ƙasar Nijar da labari. Ya ga wani saurayi, Manu, yana tuƙa abin da su can suke kira belo, ya ce tunda yake bai ga irinsa ba. Ya kuma yi magana da shi.

Mu uku muka je gidan Ɗantala da hantsi. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya durƙusa ya gaida Alhaji. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gero, aka tambayi iyali.

Alhaji ya ce, "Ɗantala, mun lura gwiwar nan tana damunka."

"Wace gwiwa, Alhaji?"

"Ta hagu. Kowa ya gani a Sule Tankarkar."

Na biyunmu ya karɓa, ya ce jiki da jini, babu wanda ya fi ƙarfin ciwo. Ya ce shekara bakwai gari yana jira, kuma gari ya fi mutum ɗaya. Ya ce doka ta ba da dama, ba sata za a yi ba.

Ɗantala ya dubi Alhaji, ya dubi na biyu, sannan ya dubi na ukun ya daɗe. Na ukun nan tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Yana da bakin da zai ce wani abu. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon tururuwa a gefen tabarma.

Ɗantala ya ce, "Ashe tana damuna."

Alhaji ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Sai kuma keken. Na yaron ba zai tsallako iyaka a kan lokaci ba."

"Yana nan a soro. A ɗaga masa sirdi, na ji an ce dogo ne."

Wahalar ita ce, dokar ta ce sai mahayi ya kwanta, kuma mutanen Maigatari ba yara ba ne. Don haka Ɗantala ya rufe wurin facinsa ya kwanta a zaure, ƙafa a miƙe. A ƙasarmu kuwa ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Kafin azahar an fara zuwa dubiya. Mata suna aiko da kunu, tsofaffi suna kawo saiwa da man shafawa, kowa da labarin wani da irin wannan ciwo ya kama. Liman ya zo ya yi addu'a, Ɗantala ya shafa. Aka kira mai ɗori. Tsohon ya lallatsa gwiwar, ya lanƙwasa ta, ya miƙe ta. Sannan ya ɗaure ta da kara da tsumma, ya ce sauƙi na Allah ne, ya ƙi karɓar ko goro.

Matarsa Laure ita ce ba ta iya ɓoye fuska ba. Na ji ta ta bayan zana tana cewa, "Malam, ni zan dafa maka ruwan zafi in gasa ƙafar da ta fi tawa lafiya? In Alhaji yana son mara lafiya, ya kwanta da kansa mana, ai ya fi ka katifa." Ya ce mata ta rage murya, akwai baƙi.

A rana ta huɗu Isa ya zo daga Maigatari a kan kekensa. Ya jingine shi, ya shigo ya tsuguna, ya ajiye goro biyu.

"Tsoho, me nake ji? Tashi mu gani."

"Ka ganni dai, Isa."

"Mutanenmu sun ce in zo in duba musu. Na ce ni ba alƙali ba ne, dubiya zan je." Ya kalli ɗaurin, ya kalli tafin ƙafar. "Ka faɗa min da bakinka ba ka iya hawa, in koma in ce na ji daga Ɗantala. Babu wanda zai ƙara tambaya."

Akwai mutane a zauren. Alhaji ma yana nan.

Ɗantala ya ce, "Ba na iya hawa."

Isa ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe. Shekara bakwai ina so in kayar da kai a gaban mutanen Gumel, ranar da za a ce ita ce ranar. Ka hana ni." Ya miƙe ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Ranar tsere motocin Alhaji biyu suka kwashe garin. Aka bar tsofaffi da mata da mai jinya. Manu ya hau keken Ɗantala ya ci duka uku. Gaskiya Alhaji ya faɗa, yaron gwani ne, ko ƙafa ba ya saukewa sosai a kwana. Da la'asar muka shigo gari ana ta oda, tuta a kan mota, maroƙa suna wasa Manu ɗan Magarya da Alhaji Rufa'i mai hangen nesa. An wuce ta ƙofar gidan Ɗantala. Wasu sun ɗaga hannu. Keken sai bayan kwana biyu aka tuna aka mayar masa, waya uku a tsinke.

Washegari a teburin shayi Ubale ya ce, "Ni fa tun farko ban ƙi dokar nan gaba ɗaya ba. Tuta tuta ce."

Ɗantsoho ya ce, "Ka je ka tambaye ta sunan garin nan, ka ji ko ta sani."

Wani kuma ya ce ai shi ya san ba gwiwa ba ce, tsoron Isa ne ya kwantar da tsoho. Maganar nan ita ta yi tafiya. Ta je Gumel, ta je Sule Tankarkar. Waɗanda suka san gaskiya ba za su iya faɗa ba, don in sun faɗa tuta za ta koma Maigatari. Mutum uku sun fi kowa sani, kuma dukansu sun yi shiru. Ɗantala ya kwance ɗaurinsa bayan mako guda ya koma gindin darbejiya, tutar tana kaɗawa taku ashirin daga inda yake zaune.

Da shekara ta zagayo, sauran garuruwa sun koyi karatun. Gumel ta riga mu zuwa wurin Manu. Maigatari ta ɗauko biyu daga Damagaram, ta kwantar da Isa. Ko'ina ka juya mahayi yana jinya, har mutane suna cewa ciwon gwiwa ya shigo ƙasar. 'Yan kallo suka ragu, don mutum ba ya barin sussukarsa ya je ya yi wa wanda bai san ubansa ba ihu. Mu kuma muka nemi wanda za mu ara muka rasa.

Sai muka koma, mu ukun dai. Wannan karon a wurin aikinsa muka same shi, roba a cikin ruwa yana neman huji. Ya tashi ya gaida Alhaji kamar yadda ya saba. Alhaji ya yi bayani, ya ce abin da ya wuce ya wuce, gari yana buƙatarsa.

Ɗantala ya ce, "Gwiwar ba ta sake ni ba, Alhaji. Ku da kuka fara ganinta, kun fi ni sanin ranar da za ta warke."

Na ukun ya ce, "Haba, Ɗantala." Iyakar abin da ya samu ya faɗa ke nan, kuma ya makara da shekara guda.

Shekarar Gagarawa ta zo ta ƙarshe. Bayan shekara biyu babura suka yawaita, samari suka koma kansu, aka daina share tafki.

Ɗantala ya ci gaba da faci har ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba, bai fasa gaida kowa ba, duk wanda ya kawo taya ya gyara masa da kyau. Abu ɗaya ne kawai. Idan yana tafiya a kan hanya ya hango ɗaya daga cikinmu mu ukun, sai ya fara ɗingisa ƙafar hagu, a hankali, har ya wuce. Alhaji ya riga shi rasuwa, na biyun ya koma Kano. Ya rage mutum ɗaya a garin da ake yi wa wannan tafiya, kuma an yi masa ita shekara goma sha tara. Ranar da muka je ta'aziyyarsa, Laure ta ce a cikin gida lafiya lau yake takawa.