Tsohon Ɗan Dako Ya Koma Koyon Tafiya

A kasuwa Ƙarfe ake ce masa, don tun yana saurayi yake dakon buhuna daga bakin mota zuwa rumfuna, ba a taɓa jin ya ce wash ba. Da tsufa ya zo, sai ƙafafun suka fara yi masa gardama. Ya faɗi a banɗaki, ya sake faɗuwa a ƙofar gida da bokiti a hannu. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne ranar da 'yarsa ta haihu, ya miƙa hannu zai karɓi jaririyar, ta ce, "Baba, zauna tukuna, sai in ɗora maka ita a cinya."

Mutumin da ya ɗauki rabin kasuwa a ka! Ya zauna ɗin, ta ɗora masa ita a cinya.

Likitar da ke duba shi ce ta tura shi wani ɗaki a bayan asibiti, inda ake koya wa tsofaffi tai chi. Ta ce motsa jiki ne na sannu-sannu, yana ƙarfafa ƙafa, yana gyara tsayuwa, yana rage yawan faɗuwa. Da ya leƙa ya ga tsofaffi a jere suna ɗaga hannuwa kamar masu shanya ba igiya, saura kaɗan ya juya. Ya tuna cinyar nan, ya cire takalmi ya shiga.

Nan fa aikinsa ya tona masa asiri. Ɗan dako in zai ɗaga kaya, sai ya ƙame gwiwa, ya sandare wuya, ya riƙe numfashi. Jikin Ƙarfe bai san wata hanya ba. Ko ƙafa ɗaya aka ce ya ɗaga, sai ya ƙame, ya yi tangal-tangal ya cafki bango.

"Baba, ba buhu ba ne, ƙafarka ce," in ji malamin da ke koya musu. "Saki gwiwa. Ja numfashi. Mayar da nauyinka kan ƙafa ɗaya, sannan ka sa diddigen ɗayar a ƙasa."

Kunya ta kama shi, haushi ma haka, amma bai fasa ba. Kowace safiya yakan dafa bayan kujera a tsakar ɗaki, ya maimaita abin da aka koya masa. Matarsa ta ce, "Maigida, da tsufanka ka shiga rawa?"

"Ke dai matsa, kada in taka ki," ya ce.

A hankali ya saki kujerar. Barcinsa ya gyaru, ciwon bayan da yake fama da shi ya yi sauƙi, ya daina lalube bango in zai fita.

Jikar har ta fara zama ranar da ya je gidan 'yarsa ya tarar tana tsala kuka a kan tabarma, uwar kuwa hannu duk kumfar wanki. Bai nemi izinin kowa ba. Ya saki gwiwa, ya sauke numfashi, ya sunkuya ya ɗago ta, ya taka da ita har bakin taga.

'Yar ta miƙe tsaye, ta buɗe baki. Ta dubi ƙafafunsa, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, in ka gaji ka kira ni," ta ce. Ta juya musu baya, ta ci gaba da wankinta.