Shari'ata da Sarƙaƙiya

Tun da Allah Ya shimfiɗa duwatsun Adar, ban san wata halitta da ta ci amanar ɗan Adam kamar sarƙaƙiya ba. Littattafan Nasara sun ce ana samunta daga Senegal har kudancin Afirka, a bakin korama da gefen fako. Ni dai na tabbata mafi mugunta cikin danginta ita ce wadda ta tsira bayan ƙauyenmu, kusa da Tama. Ba ta da gangar jikin da za a ce da ita itaciya, sai dogayen rassa masu hawa kan maƙwabta, ƙayarta kuma a lanƙwashe take kamar farcen shaho, tana barin mutum ya shiga, ba ta barinsa ya fita.

A shekarun yaƙin Jamus, bayan girbi, labari ya zo cewa gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, na tafe kamun yaran lakwal, makarantar boko ta Faransa, kuma gidanmu zai ba da ɗaya. A wurinmu a lokacin, yaron da aka kai lakwal ya tafi ke nan. Da hantsi Baba ya ja ni bayan gari, ya ɗaga rassan da gwafa, ya ce, "Shiga, kak ka motsa. Nan kakanninka sunka ɓoye ma mahara, ko raƙumi bai shiga."

Na kwanta ciki, tururuwa na yawo a wuyana. Da na ji kofaton doki sai na zabura zan ɓulle ta baya. Sarƙaƙiya ta kama rigata, ta kama kunnena, na ɓamɓare hannu ɗaya ta karɓi ɗayan. Gardin ya sauka, ya tsuguna a inuwa yana ɓare goro.

"Hito, ɗan samari."

"Ta riƙe ni!"

"To, ta rage mini aiki."

Da wuƙa aka yanko ni, rabin rigar ya zauna can. Na yi lakwal a Madawa, na zama mushe, wato malamin makaranta, kuma duk ajin da na koya wa darasin tsirrai ya ji ra'ayina game da ita.

Yau mata sun sare kurmin sun yi girki da shi, wurin ya zama fili, akuya ma ba ta samun abin tsayawa. Nakan je in duba, ba na samun wanda zan zaga. Sai bayan rasuwar Baba ne Inna ta gaya mini shi ya nuna wa gardin wurin, don a bar masa yayana Idi, wanda ya riga ya iya riƙe hauya.