Kududdufin Babana da Galan Biyu na Baƙin Mai

Shekarun baya na aikata abin da har yau, ina cikin furfura, nake fatan a ce hannuna ya shanye kafin in yi shi. Ban kashe mutum ba, ban ci haƙƙin maraya ba. Kududdufi na kashe. Na san wani zai yi dariya, ni ma da can na yi.

Ƙauyenmu yana ta wajen Zandam. Shekarar da aka samu 'yancin kai ina saurayi, muka haƙi ƙasa a bayan gida muka gina soro da ɗakuna biyu. Ramin da ya rage kowa ya ɗauka juji zai zama, kamar na kowane gida. Mahaifina ya ce a'a. Ya sa muka yi ta jigilar yumɓu a kan jaki daga fadama, muka shimfiɗa a gindin ramin. Sannan ya roƙi mahaifiyata ta kira matan unguwa su yi masa daɓe, irin wanda ake yi wa ɗakin amarya.

Matan suka zo da madaɓansu suna shewa. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, wace ce amaryar? Mu san waƙar da za mu yi mata."

Ya ce, "Kwaɗi ne, Iya. Ku kyautata, dangin ango suna da yawa."

Kwana uku suna bugu. Ya ce da ni, "Ka ga wannan daɓen? Kaurinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ƙarƙashinsa yashi ne zalla. Shi kaɗai ne zai riƙe ruwan." Na ce to, hankalina yana kan dandali.

Da damina ta sauka ramin ya cika, ya kuma riƙe. Baba bai dasa komai na baƙunta ba. Ya cire saiwar bado daga fadama ya binne a tsakiya. Ya jera jema a gefe don kada ƙasa ta zaizaye, ya sa gamba a baya, ya dasa giyayya guda biyu. Ya kawo gaiwa a cikin tulu ya sake. Sauran kuwa ba wanda ya gayyace su. Kwaɗi suka zo, kififiya ta zo, balbela da zalɓe suka mai da wurin nasu. Da hantsi kurciyoyi su sauka, da la'asar fakara ta fito daga gamba ta sha ta koma. Wata shekara har kirinjijiya ta yi 'ya'ya a cikin jemar. Ruwan yakan kai tsakiyar rani kafin ya janye, gaiwa ta shige laka ta jira wata daminar.

Bayan wasu shekaru ciwon yanar ido ya rufe wa Baba ido duka biyu. Gona ta gagare shi, karatun allonsa ma sai abin da ke ka. Abin da ya rage masa shi ne buzunsa a gindin giyayya. A nan yake wuni, yana gani da kunne. Yakan ce, "Zalɓe ya sauka, ga shi can ta gabas." In ka duba, yana nan. In an yi ruwan farko mutane suna rawar jiki za su yi shuka, sai a aiko a tambaye shi. Ya ce, "Ku dakata, kwaɗina ba su yarda ba tukuna." Makaho ne, amma gari na zuwa wurinsa neman labari. Wannan ne ya riƙe shi.

Ni kuwa sai zamani ya buɗe mini. Lokacin da kuɗin mai suka shigo, aka bar sule aka koma naira, na sayi injin niƙa a Birnin Kudu, na kafa a ƙofar gida. Na sayi agogo da rediyo, na soma jin cewa duk abin da ba ya ƙara ba ya hayaƙi, na ƙauyawa ne. Aji huɗu na yi a makaranta, amma in kun ji ni ina magana sai ku ce ni na haƙo man.

Wata damina ɗiyata ta fari ta kwanta da zazzaɓi. Ta warke, amma na tsorata. Abokina, makanikin da ke duba mini inji, ya leƙa bayan gida ya taɓe baki.

"Kai ma dai! Kana da inji kana kiwon sauro? A birni baƙin mai ake zubawa. Ga shi nan ka tara ba ka san amfaninsa ba."

Na ce, "Tsoho ba zai yarda ba."

Ya ce, "Da wane idon zai gani?"

Muka yi dariya. Wannan dariyar tana cikin abin da nake nema wa gafara.

Ranar Juma'a, an tafi da Baba masallaci, na ɗauki galan biyu na juye. Man ya bazu a kan ruwan yana ƙyalli, har na tsaya ina sha'awar launinsa.

Kwana biyu ganyen bado ya yi baƙi. Kwaɗi suka taso ciki sama. Gaiwa ta yi ta fitowa neman iska tana haɗiyar mai. Na tsinci wata balbela a cikin jema, fukafukanta sun manne, tana kallona. Na kwashe gawarwaki a kwando na kai bayan gari, ina sanɗa kada a ji.

Baba yana kan buzunsa. Da la'asar, an ɗauke ruwa, lokacin da wurin kan ɗauka da kukan kwaɗi, ya karkata kai ya daɗe.

"Yau me ya hana su magana?"

Na ce, "Wataƙila sanyi ne, Baba."

Ya shaƙi iska. Can ya ce, "Warin injinka nake ji. Amma injin yana ƙofar gida, ko ka matso da shi?"

Na sulale na koma wurin injin. Bai sake ta da maganar ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandarsa, da na samu sauƙi.

Sauro kuwa bai tafi ba. Masu cin ƙwansa ne suka tafi.

Da rani na ce zan gyara. Ban shawarci kowa ba, kunya ta hana. Na ɗauki diga da shebur na shiga kankare baƙar lakar, don in fitar da man gaba ɗaya. Ina haƙa ina jin daɗi, wai ina tuba. Rana ta uku Baba ya ɗaga murya daga gindin giyayya, abin da bai saba ba.

"Tsaya! Kai, tsaya!"

Na tsaya.

"Ba ka ji ƙarar digarka ta sake ba? Ka fasa daɓen. Yashi kake sara."

Na dubi ƙafata. Farin yashi. Na riga na yaye fiye da rabi.

Na yi ƙoƙari, Allah ne shaida. Na kawo yumɓu a mota. Amma matan da suka iya daɓe wasu sun rasu, wasu sun tsufa, 'yan baya kuwa siminti suka sani. Na buga da kaina, ya tsage. Na shafa siminti, ya dare. Ruwa ya sauka da safe ramin ya cika, kafin la'asar ya tsotse. Bado uku na dasa, uku suka bushe. Ga shekarun fari sun shigo, fadamar da za a ɗebo iri ita ma ta ƙafe.

Baba ya ci gaba da zama a wurin damina biyu, yana fuskantar busasshen rami. Mutane suka daina aikowa tambaya, don ba shi da abin faɗa. Daga baya ya ce a mai da buzun ɗaki. Bai sake fitowa ba.

Da ciwonsa ya yi nauyi na durƙusa na faɗa masa komai, har dariyar. Na ce ya yafe mini. Ya laluba ya dafa kaina.

"Ni na yafe tun ranar. Tsoron rasa 'yarka ne ya sa ka." Ya numfasa. "Amma waɗanda ke cikin ruwan, ban san inda za ka same su ka roƙa ba."

Yanzu na girmi shekarun da ya rasu a kai, ban kuwa same su ba. Wurin ya zama juji, leda ce ke tashi a ciki.

Don Allah, wanda duk yake da ɗan ruwa a bayan gidansa da wani abu mai rai ke sha, ya bar shi. In kuma wani tsoho ne ya kafa shi, ku je ku tambaye shi tun yana iya amsawa. Kada ku yi irin tawa.