Ranar da Bakin Igwar Ya Juya

Cikin duk shekarun da na yi ina gyaran tsofaffin ƙarafa, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da aka tura mu ɗauko wata igwar Jamus a wani ƙaramin gari da ke yammacin jihar Maryland a nan Amurka, 'yan shekaru kafin zuwan korona. Ku matasa da kuke tare ni bayan sallar Juma'a kuna tambayata wai mene ne ainihin aikina, ga labarin. Wataƙila ya fi muku bayanin da na saba yi.

Ni injiniya ne, a Zariya na yi karatu kafin in zo nan in ƙaro. Kamfaninmu ƙarami ne, yana can wajen Sterling, kuma gidajen tarihi ne ke ba mu aiki: su kawo mana abin da tsatsa ta ci, mu tsayar da cin, mu mayar musu da shi yadda zai daɗe. A lokacin ina matsayin babban mai gyara. Wato idan an fita fili, maganata ce ta ƙarshe a kan lafiyar kaya da ta mutane. Amma yadda za a ajiye abu a zauren kallo ba hurumina ba ne, na mai tsara baje koli na gidan tarihin ne.

Igwar irin wadda Jamusawa suka ƙera ce don fasa tankokin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ake kira Pak 40. Ba ta da tsayi ko kaɗan, don a iya ɓoye ta a cikin ciyawa. Tayoyi biyu, dogon bututu, ƙafafu biyu a baya da ake warewa a kafe a ƙasa, sai garkuwar ƙarfe da masu harbi ke fakewa a bayanta. Sojojin Amurka ne suka zo da ita ganima bayan yaƙi, aka girke ta a ƙofar zauren 'yan mazan jiya na garin. Da membobin suka ƙare saura ƙalilan, aka yanke a rufe zauren, a ba gidan tarihi igwar.

Mun isa da hantsi ni da mataimakana biyu, da Malam Isufu, mutumin Maraɗi, direban motar ɗaga kaya, wadda shi yake kira kamyo. Muna da ƙa'idar da ba ma tsallakewa. Da farko sai a zura kyamara cikin bututu, a tabbatar babu harsashin da aka manta a ciki. Sannan a duba tukunyar da ke mayar da bututu bayan harbi, don wani lokaci iska tana nan a matse a ciki duk da tsufa, kuma tana iya kashe mutum. Sai a gwada fenti ko yana da dalma. Wannan igwar an cika bututunta da siminti tun da daɗewa, an kuma yi wa gindinsa walda, tukunyar kuwa wayam take. Ba abin da za ta iya yi wa kowa.

Abin da ya rage shi ne in daidaita bututun ya koma tsakiya, mu ɗaure shi, don kada ya karkata a kan hanya. A gefen hagu akwai ƙananan sitiyari biyu, ɗaya na ɗaga baki da sauke shi, ɗaya na juya shi hagu da dama. Na juyawar ya ƙame ƙam saboda fenti da tsatsa. Na kankare, na zuba man kwance tsatsa, na yi ta bubbugawa a hankali har ya saki.

Duk wannan lokaci mutanen gari suna ta taruwa a filin ajiye motoci, har da yara. A gefe guda kuma, ƙarƙashin wata bishiya, wani dattijo yana zaune a keken marasa lafiya, an rufa masa bargo a gwiwa, wata mace mai furfura tana riƙe da keken. Malam Isufu ya matso ya ce mini, "Injiniya, tsohon can tun da muka faka kamyo bai ɗauke ido daga kan abin nan ba. Ka je ka gaishe shi mana, ba a wuce babba."

Na cire safar hannu na je na durƙusa na gaishe shi. Matar ta ce sunanta Karol, 'yarsa ce, mahaifinta kuwa Raymond, ya haura shekara casa'in. Direban tanka ne a yaƙin. Na ce masa a wurinmu ba a kiran tsoho da sunansa, Baba zan ce. Ya yi ɗan murmushi ya ce ya yarda.

Karol ta ja ni gefe. Ta ce irin wannan igwar ce ta bugi tankar mahaifinta a Faransa. Shi ya fito da ƙuna a hannu da wuya, biyu daga cikin abokansa ba su fito ba. Tun tana ƙarama kowace shekara shi ke yi wa igwar fenti, amma gaba kawai yake shafawa, baya sai dai wani ya yi. Bai taɓa zagayawa bayan garkuwar ba ko sau ɗaya. "Yau da safe ya ce mini yana so ya zauna a can kafin ku tafi da ita," in ji ta. "Na san kuna da doka."

Lalle muna da ita. Da zarar mun kewaye wuri da igiya, ba mai shiga sai ma'aikaci. Na kira ogana a waya na yi masa bayani. Ya ce, "Sa'idu, in ya faɗi ya karye, mu za a kama." Na ce igwar tana kan tayoyinta, an datse su, ba mu ɗaga komai ba tukuna, kuma ni da kaina zan riƙe shi. Ya ce, "Kai ne a wurin. Ka yanke."

Ni da Malam Isufu muka ɗaga keken muka tsallakar da shi ƙafar igwar, muka ajiye shi daidai inda mai saiti ke durƙusawa. Dattijon ya sunkuya ya leƙa ta 'yar tagar da ke jikin garkuwa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora hannunsa mai tabon ƙuna a kan sitiyarin juyawa ya ce, "Wannan har yanzu yana aiki?" Na ce yanzu na kwance shi.

Da yatsu biyu ya murza. Dogon bututun nan da kowa a garin ya tashi ya gani a ƙame ya fara tafiya a hankali, ba ƙara, ya nufi hagu. Kafin wani ya ankara, bakinsa ya tsaya saitin mutanen da ke filin motoci. Kowa ya san siminti ne a ciki, amma na ga wata uwa ta jawo ɗanta ta mayar da shi bayanta.

Baba Raymond ya fizge hannunsa kamar ya taɓa garwashi. "Mayar da shi! Mayar!" Na kama sitiyarin na dawo da bututun tsakiya. Malam Isufu ya dafa kafaɗar dattijon yana ta faɗin "Sannu Baba, sannu," da Hausa, shi kuma ya riƙe hannun Isufu gam kamar yana jin abin da ake cewa.

Da numfashinsa ya daidaita, ya dube ni ya ce, "Ashe haka yake da sauƙi? Duk rayuwata na ɗauka wani ƙaton mugu ne a nan yana nishi yana juya ta. Ai ko jikata za ta iya." Ya sake leƙa tagar. "Kuma daga nan ba ka ganin mutum. Ƙarfe kawai za ka gani yana tahowa. Bai san mu biyar ne a ciki ba, bai san sunan kowa ba." Ya fara kiran sunayen abokansa biyu, a hankali, yana maimaitawa. Karol ta tsallako igiyar ta durƙusa ta rungume shi. Ban hana ta ba.

Kafin mu fitar da shi ya riƙe hannun rigata. "Abu ɗaya nake roƙo. Duk inda za ku kai ta, kada ku sa bakinta ya kalli mutane." Na ce masa gaskiya: ba ni ke yankewa ba, amma zan isar da saƙon, kuma zan tsaya a kai.

Igwar ta yi watanni a wurinmu. Mun cire fenti hawa-hawa, yawancinsa na hannun Baba Raymond ne, har muka iso ga launin asali. Da aka zo taron tsara zaure, sai na tarar mai tsara baje kolin, Dakta Helen, ta riga ta zana igwar tana fuskantar ƙofar shiga. Na ba ta labarin dattijon. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Na ji, kuma ya taɓa ni. Amma ina so wanda ya shigo ya ji tsoron da su suka ji. In muka juya ta bango, mun mayar da ita kayan ado."

Maganarta ba wasa ba ce, kuma na faɗa mata haka. Na ce amma abin da ya girgiza mutumin da ya ƙone ba bakin igwar ba ne, bayanta ne. Bakin kam, dattijon ya san shi tun yana saurayi. Na roƙe ta ta sauko ta gwada. Ta durƙusa a bayan garkuwar da kayanta na ofis, ta leƙa, ta murza sitiyarin. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ba ta ce ta yarda ba, ta ce dai za ta sake duba zanen.

Da sabon zane ya fito, an juya igwar. Mai shigowa ta bayanta yake isowa, wurin mai saiti ne farkon abin da zai gani, bututun kuwa yana kallon dogon bango fari da ba a rataya komai a kai ba. An ɗaure sitiyarin yadda ba mai iya murzawa.

Baba Raymond bai ga wannan ba. Ya rasu a cikin hunturu, kafin a buɗe zauren. Na aika wa Karol hoto. Ranar buɗewa ta zo da kanta, ta tsaya a bayan garkuwar har jama'a suka ragu. Ta ce mini bayan ranar nan mahaifinta ya zauna ya ba jikokinsa labarin yaƙin daga farko har ƙarshe, abin da bai taɓa yi wa ita kanta ba.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, a makaranta an koya mana tsatsa da walda da nauyin da sarƙa za ta ɗauka, kuma duk wanda ya yi sakaci da su zai kashe wani. Amma kayan da ake kawo mana, musamman makamai, kusan kullum akwai mai rai da ke da alaƙa da su, kuma ba ya cikin takardar kwangila. Yana gefe yana kallo, ba zai yi magana ba sai an je an same shi. Shi ya sa yanzu duk inda aka tura ni, kafin in sa sifana a jikin ƙarfe, sai na duba ko akwai wanda ke zaune a gefe, in je in gaishe shi. Allah Ya tsare mu da ganin yaƙi, mu da 'ya'yanmu.