Tankar Baba da Hannun Gem

Karo na uku ke nan Baba yana tura 'yar sandar hannun gem gaba, 'yar tankar yaƙin tana yin baya. Wannan karon har ta kifar da bokitin Mama.

Baba tsohon soja ne, tanka ya tuƙa. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yayana ya kawo masa tankar wasa mai rimot, amma rimot ɗin sai da hannu biyu.

Ni gyaran waya nake yi a Makera. Sai na farke tsohon hannun gem ɗina na buga wasan bidiyo, na farke rimot ɗin, na haɗa wayoyinsu da dalma yadda babban yatsa ɗaya zai iya tuƙi. Sati biyu ina fama.

Baba ya ajiye abin a cinyarsa ya ce, "Sadiya, daina wahalar da kanki. Hannun hagun ma ba ya jin magana."

Na ce, "Baba, hannunka lafiya lau. Ni ce na juya waya biyu. Ba ni minti goma."

Na gyara, na miƙa masa. Ya tura, tanka ta miƙe gaba, ta zagaya tsakar gida ta tsaya cak a gabansa.

Ina jiran yabo, sai ya ce, "Bindigar fa? Ba ta juyawa."

Wallahi daɗin da na ji ya fi na yabo. Mutumin da ke neman ƙari bai sare ba.

Masu harkar lantarki, wane maɓalli zan ba bindigar nan? Ba zan bari ba sai ta juya.