Tsutsa a Gidan Dubagari

Shekara talatin da biyu Dubagari ya yi yana leƙa kwatocin mutane da banɗakunansu, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin jama'a. Mahauta na hango hularsa sai su hau korar ƙuda. Da ya yi ritaya, ofis ne ya sallame shi, shi bai sallami aikin ba, ya tattaro binciken kaf ya sauke wa matarsa a gida. Baiwar Allah tana wanke kofi, yana ɗagawa ya duba a hasken taga. Kullum da safe shi ke yaye zannuwan gado da kansa, ya tsaya a tsakiyar falo ya kakkaɓe su fat-fat, wai kada ƙura ta kwana biyu a gidansa.

Mutum ɗaya ce ba ta gaji da shi ba, jikarsa 'yar shekara shida, wadda yake kira Aku saboda surutu. Uwarta, wato 'yarsa, tela ce, tana shago har yamma, don haka shi ke ɗauko yarinyar daga makaranta ta yini a wurinsa, wani lokacin ma ta kwana. Ita kaɗai ke zama ta saurari labarin yadda ya rufe gidan burodi uku a rana ɗaya, har ta ce a sake. Tsakani da Allah, awa huɗun da take yi a wurinsa su ne ranarsa, sauran duk jira ne.

Sai Aku ta fara mutsu-mutsu a kujera tana sosa mazaunai, barci ya gagare ta. Uwar ta duba ta ga 'yan tsutsotsi farare sirara kamar guntun zare. Aka tafi asibitin unguwa, Dubagari na gaba kamar shi aka kira.

Nas ɗin ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce ƙaiƙayin ne ke sa yaro susa, ƙwan tsutsar ya maƙale a farce, daga nan ya koma baki, ko ya zauna a tawul da zanen gado.

"Maganin yana kashe tsutsa, ba ya kashe ƙwai," in ji ta. "Kowa a gidan zai sha, babba da yaro, a maimaita bayan mako biyu. A yanke farce, a yi wanka da safe. Zanen gado kuma a naɗe shi a wanke, kada a kakkaɓe, ƙwan zai tashi ya bi iska."

"'Yata," in ji Dubagari, "ina wannan aikin tun ba a haife ki ba."

"To Baba, ai ka hutar da mu bayani," ta ce, ta miƙa masa takardar.

A gida ya jera kowa ya raba ƙwaya. Tasa kuwa ya jefa ta a aljihun riga. A iliminsa tsutsa ciwon yara ne da ƙazamai, kuma shi ba ya cikin ko ɗaya. Kakkaɓe zani ma bai fasa ba, don a ganinsa yarinyar da ta fito makaranta jiya ba za ta koya masa shimfiɗa ba.

Bayan wata guda tsutsa ta dawo. Ya ce makaranta ce, ya je ya duba banɗakinsu, ya rubuta wa shugabar shafi biyu. Ta sake dawowa. Ya ce gidan surukinsa ne, ya je ya ɗaga musu katifa a gaban baƙi. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, shi ma ya daɗe bai zauna daram a kujera ba. Yana sauraron rediyo yana karkata hagu da dama, ya ce kushin ɗin ne ya tsufa.

A karo na huɗu 'yarsa ta zo tana jan Aku, yarinyar ta yi zuru-zuru don rashin barci.

"Baba, na lura da abu ɗaya," ta ce. "In ta yi mako uku a wurina lafiya lau. Tana dawowa nan sai abin ya tashi. Daga gobe maƙwabciyata za ta riƙa ɗauko ta."

"Gidana kike nufi? Nawa?"

"Ban ce komai ba, Baba. 'Yata nake so ta yi barci."

Washegari ƙarfe biyu ta yi, ya sa takalmi ya kai bakin ƙofa kafin ya tuna. Ya dawo ya zauna. Gidan ya yi tsit, tsaf-tsaf, ba ko ɓawon gyaɗa a ƙasa, kuma bai taɓa jin tsafta ta gundure shi irin ranar ba. Kewar yarinyar ta kama shi har abinci ya ƙi shiga.

Kwana biyar yana haka matarsa ta ajiye masa wani ƙaramin faranti. Ƙwayoyi ne shida, wasu sun narke rabi, sabulu ya ci gefensu.

"Daga aljihunka, Malam. Ni ke wanki."

"Me ya hana ki magana?"

"Shekara arba'in ina magana, wanne ka ji?" Ta juya za ta tafi, ta ƙara da cewa, "Kushin ɗin ma lafiyarsa ƙalau."

Ya sayi sabuwar ƙwaya ya nufi shagon 'yarsa. Ya so ya same ta ita kaɗai, amma ina, mata huɗu na zaune suna jiran ɗinki. Ya yi gyaran murya har sau uku, keken bai tsaya ba. Ƙarshe dai ya faɗa, a kan ƙarar keke, cewa abin daga wurinsa yake, bai taɓa shan maganin ba. Ya roƙi ruwa ya haɗiye a gabansu. Ɗaya daga cikin matan ta cusa baki a mayafi, kafaɗunta na rawa.

'Yarsa ba ta yi dariya ba. "Wata huɗu tana wahala, Baba," ta ce a hankali. "Ka sha na biyu bayan mako biyu, Mama ma haka. A wanke komai. Sannan ta dawo."

Bai yi musu ba. Zani ya koma naɗewa kamar mai naɗe tabarma, farce ya yanke har ya kusa taɓa nama. Amma zaman gida ƙarfe biyu ya gagare shi. Sai ya riƙa zuwa ya tsaya tsallaken titi daura da ƙofar makaranta, hannuwa a baya, don kawai ya gan ta ta wuce.

Rana ta biyar ta hango shi. Ta fizge daga hannun maƙwabciyar, ta tsaya bakin titi, iyaye da malamai da masu sayar da alewa cike da wurin, rabinsu sun san shi tun yana cin tarar mutane. Ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Kaka, tsutsarka ta mutu?"

Kowa ya juyo yana kallonsa. Dubagari ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga ba inda zai ɓuya. Ya kuma ga yarinyar na tsaye tana jira da gaske, don ita ma lissafi take yi. Sai ya ɗaga yatsu sama yadda za ta gani, ya amsa da muryar da ta kai tsallaken titi.

"Saura kwana tara, Aku."