Bene Mai Bango Ɗaya

In yana tafiya a layi ya ji janareta na kuka a bayan wani gida, sai ya tsaya cak, ya karkata kai kamar kazar da ta ji shaho. Daga nan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wa mai gidan fulogin janaretansa ya kusa mutuwa. Ba ya jiran godiya, ba a kuma cika yi masa ba, don yadda yake faɗin maganar kamar zagi ne. Baƙin Mai muke ce masa, saboda farcensa da rigarsa, amma ba a gaban idonsa ba.

Da gyaran janareta ya tashi. Gidana na kallon shagonsa, don haka na sha hayaƙinsa fiye da kowa, in ban da mahaifiyarsa. A lokacin da wuta ke zuwa kamar baƙo mai sauri, babu gidan da ba ya nemansa, shi ma ya san da haka. In ka kai masa inji sai ya bar ka a tsaye ya gama abin da yake yi, sannan ya tambaye ka wane jaki ne ya taɓa kaburetar. Yawanci kai ne.

Ƙaninsa tela ne, mai sanyin magana, ba ya musu amma ba ya sauka daga kan ra'ayinsa. Filin da mahaifinsu ya bari suka raba biyu. Baƙin Mai ya ɗauki yamma, inda tsohon gida da shago suke, tela ya samu gabas, fili fetal. Inna, mahaifiyarsu, tana wajen babban. Ƙwan ɗakinta bai taɓa mutuwa ba, fankarta ba ta taɓa tsayawa ba, ko da unguwa duka tana cikin duhu. Wannan shi ne abin da yake tinƙaho da shi a duniya. Tarin da take yi kuwa, ya ce na tsufa ne.

Da tela ya fara gini, Baƙin Mai ya jawo wani tsohon inji ya warware shi kaca-kaca, ya bi shi ƙarfe bayan ƙarfe, har fenti ya yi masa. Shi da kansa ya sa magini ya fitar da ɗan ɗaki a bayan sabon gidan, mai ramukan shan iska. Bai ce kyauta ce ba, amma kowa a layin ya sani.

Ranar da aka gama rufi sai ga wasu mutane da tsani, suna jera baƙaƙen faranti a kan kwanon. Baƙin Mai ya tsallako da sifana a hannu.

"Kai, mene ne wannan?"

"Sola ce, Yaya."

"Ɗakin injin fa?"

"Batura za a sa a ciki. Ya yi musu daidai, kamar don su ka auna."

Ban san ko da gayya tela ya faɗi haka ba. Masu sanyin magana ba a gane musu.

Ba a daɗe ba Inna ta ce za ta je ta ga ɗakin jikokinta, ta kwana biyu. Ta tafi da butarta da matashinta, ba ta dawo ba. Tarin ya lafa. Babu wanda ya ce komai a kai, sai dai matar tela, wadda ta riƙa faɗa wa duk mai shiga gidan, da muryar da ke tsallake katanga.

A shekarun nan ne sababbin gidaje suka cika ƙarshen layinmu, kowanne da farantansa a sama. Unguwa ta yi shiru, har muka fara jin kukan tsuntsaye. Wasu sun kawo masa inji gyara ba su dawo ɗauka ba. Yakan zauna a cikin injinan yana cewa duk wanda ya dogara da rana bai san gajimare ba, kuma abin da ba ya ƙara ba shi da gaskiya, kamar wasu mutane. Yana faɗa yana kallon gabas.

Sai ya ce bene zai yi. Aka kawo bulo da siminti, aka fara ɗora bango a kan tsohon gidan, ta gefen da ke jingine da na tela. Bangon ya yi ta hawa. Magini ya tambaye shi sauran bango ukun, ya ce suna tafe. Da maginin ya gane inda aka dosa, ya tattara kayansa ya ce shi gida yake ginawa, ba inuwa ba. Baƙin Mai ya ci gaba da hannunsa. Layin bulonsa a karkace yake, amma inuwa ba ruwanta da karkata. Rana na juyawa yamma sai inuwar ta kwanta a kan farantan tela, ta rufe su ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin zafi ne. Batura suka daina cika. Kekunan ɗinki biyu na lantarki da tela ke aiki da su suka fara rabon wuta da fankar Inna, wutar kuma ba ta isa duka. Baƙin Mai ya fito da injin nan mai fenti ya ajiye a bakin shago, ya goge shi, ya zuba mai. Kalma ɗaya kawai yake jira. Mun sani, tela ma ya sani.

Tela ya kashe kekunan lantarkin, ya jawo tsohon keken ƙafa daga bayan ɗaki. Tun daga ranar, in rana ta karkata, sai ka ji shi yana takawa, kat-kat-kat, mutum mai furfura da ciwon gwiwa. Na taɓa ce masa, a hankali, tsakanin gidansa da shagon yayansa ba tafiya ba ce mai nisa. Ya ce haka ne, Baba, daga can ma zuwa nan ba nisa. Ko da keken ƙafar, wasu ranakun fankar kan tsaya, matar tela ta zauna tana yi wa Inna fifita da kwali.

Wata rana da hantsi Inna ta fito da sandarta ta tsallaka zuwa shagon. Ina zaune a ƙofar gidana. Baƙin Mai ya miƙe da sauri, ya goge benci da gefen rigarsa, idonsa na kan injin. Ba ta zauna ba. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon bangon.

"Na zo in ga bene," in ji ta.

"Ana kan yi, Inna."

"Kana ƙarami, in na ɗauki ƙaninka zan ba shi nono, sai ka je ka tsaya a ƙofar ɗaki ka tare mana iska. Na ɗauka ka girma."

"Ɗakinki yana nan. Wuta ba ta taɓa yanke miki a gidana ba."

"Ba ta taɓa ba," ta ce. Ta juya ta koma.

A ranar ya tayar da duk injin da ke iya tashi a shagon, ya bar su suna ruri har yamma. Hayaƙi ya turnuƙe layin. Muna jin tarin Inna ta cikin ƙarar. Daga nan ya daina gaisawa da kowa, har da ni da ban ce masa uffan ba.

Bayan wasu makonni aka same shi da safe a zaune a gindin tsani, ya jingina da bango, guduma a cinyarsa, babu rai. Likita ya ce zuciya ce.

Tela ya yi duk abin da ƙane ke yi wa wa, bai rage komai ba. Amma da aka yi masa maganar bangon ya ce ba nasa ba ne, ba zai taɓa ba, tunda mai shi ya mutu yana ƙara masa tsawo. Matarsa ma haka take faɗa har yau. Inna ba ta taɓa sa baki ba, ba ta kuma bari a ambaci bangon a gabanta.

Ni ban yi musu da kowa ba. Na dai ga bulon da ke jere a gindin tsanin a safiyar nan. Kowanne da busasshen siminti manne a jikinsa, sabon bulo kuwa ba ya zuwa da siminti. A saman bangon, ta kusurwar da ke kan ɗakin Inna na gidan tela, akwai giɓi da bai wuce faɗin ƙofa ba. Nan ya tsaya. Sauran bangon yana nan a tsaye, tela kuma yana taka kekensa.